Gwiwar Alhaji Gafaru a Dajin Sikoya

Duk wanda ya taɓa zama a benen nan namu na University Heights, a unguwar Bronx ta New York, ya san Alhaji Gafaru, ko bai ga fuskarsa ba to ya ji hawansa. Gidansa a hawa na biyar yake, lif ɗin benen kuwa tun ranar da aka kafa shi yake jinya, in ya yi aiki yau sai ya tafi hutu har a manta da shi. To in Alhaji ya dawo daga aiki ya kama matakala, sai ka rantse buhun masara ake ja sama ana yi masa addu'a. Hawa na ɗaya ka ji ya Salamu, hawa na biyu ya Laɗifu. Kafin ya kai ƙofarsa ya kusa ƙare sunayen Allah, matan bene kuma sun san lokacin ɗora ruwan tuwo ya yi.

Mutumin Kumasi ne, haifaffen zango. Tarihinsa ba shi da wuyar faɗa, domin duk rayuwarsa abu ɗaya ya yi, turi. Yana saurayi kura yake turawa a babbar kasuwar Kumasi, doya da tumatir da duk abin da matan kasuwa suka ɗora masa. Da ya faɗo New York yana da sauran baƙin gashi, sai ya samu aikin tura ragayar riguna a titunan Manhattan, yana kokawa da 'yan tasi. Daga nan ya koma tura kwalaye a bayan wani babban kanti. Daga ƙarshe Allah ya kai shi filin jirgi na JFK, inda ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana tura tsofaffi da marasa lafiya a keke, daga bakin jirgi zuwa bakin mota, daga bakin mota zuwa bakin jirgi. Masu surutu sun ce ranar da aka haife shi ma ungozoma ya fara turewa. Ko da ya je Makka, waɗanda suka tafi tare sun ce bai yi ɗawafi hannu sake ba, wata tsohuwa ya samu a keke ya zagaya da ita, ta samu ladanta ya samu nasa.

Abin mamakin shi ne, wannan mutumin da matakala ke wulaƙantawa, in ka gan shi a filin jirgi ba za ka yarda shi ba ne. Da ya kama hannun keke sai ya zama wata halitta. Braimah abokin aikinsa ya ce samarin da aka ɗauka bara ma haki suke yi a bayansa. Tsofaffin Gana in sun sauka daga jirgi sunansa suke tambaya, domin shi kaɗai ne zai tura ki, ya tambayi mutanen gida, ya gaya miki farashin kifi a Bronx, ya kai ki wurin jakunkunanki tun kafin jakunkunan su iso. Saboda haka Alhaji ya yanke wa kansa hukunci cewa gwiwarsa lafiya lau take, matakalar ce ba ta da tarbiyya. Cewa yake ciwon gida ne, ba ya bin sa wurin aiki.

Amma gajiya kam ta gama da shi. Daga Bronx zuwa JFK tafiya ce ta jirgin ƙasa, a sauka a hau wani jirgin, a sauka a hau bas. Ya ƙware da barci a tsaye yana riƙe da ƙarfe, har ya san tasharsa da ƙarar birki. In ya iso gida, matarsa Hajiya Safiatu ta ajiye masa ruwan zafi da gishiri a roba, ya tsoma ƙafa, barci ya sace shi da loma a hannu. Man zafin da ake shafa wa gwiwar nan, in da a tara shi aka yi, da ya isa a yi wa benen fenti.

Autarsu Zalia nas ce, kuma bakin auta gare ta. Ita kaɗai ce a duniya take iya kallon Alhaji ta ce masa ba haka ba ne. Ta daɗe tana nanata abu uku: ya ga likita a yi wa gwiwar aiki, ya ajiye tura keke, shi da Hajiya su koma gidanta a unguwar Jamaica, nan cikin New York, inda akwai ɗaki a ƙasa, babu matakala ko ta tsallake. Na farko da na biyu Alhaji yana iya yin gardama a kansu. Na ukun ne ba ya ma son a ambata, domin gidan ba na Zalia ba ne ita kaɗai, na mijinta ne. A ce shi Gafaru, da gemunsa fari, ya kwashi tabarma ya tare a gidan suruki, ya ci tuwon suruki, ya yi tari suruki ya ji, ya fito daga banɗaki su yi kiciɓis? Ya ce gara matakalar ta ƙarasa shi.

Shi kuwa surukin, Zailani, ba abin da ya yi wa kowa. Bakatsine ne, yana aiki a wani kantin magani, kuma ladabinsa ya yi yawa har ya zama fitina. In ya hango Alhaji, ko a tsakiyar wurin ajiye motoci ne, ko dusar ƙanƙara na zuba, sai ya tuɓe hula ya durƙusa har ƙasa. Wata rana ya yi haka a bakin titi, wata baturiya ta zaci faɗuwa ya yi, ta ciro waya za ta kira motar asibiti. Tunda aka ɗaura auren nan Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai yaron nan, ko mijin naki. Shi kuma bai taɓa ɗaga ido ya ga launin idon Alhaji ba.

To a shekarar 2016, bayan ƙaramar Sallah, sai Zalia ta zo da sabuwar magana. Ta ce iyayenta sun yi kusan shekara talatin a Amurka, abin da suka sani daga Bronx sai masallaci sai filin jirgi. Za ta kai su Kalifoniya su ga waɗansu itatuwa da ake kira sikoya, waɗanda babu irin girmansu a duniya. Akwai hanya a cikin dajin, shimfiɗaɗɗiya, an gyara ta, yara da tsofaffi ke zagayawa suna cin biskit. Alhaji ya ce shi dai bai gane ba. Mutumin da sana'arsa tafiya a ƙasa, a ba shi hutu, sannan a ɗauke shi a jirgi a kai shi ƙarshen ƙasa don ya yi tafiya a ƙasa? Kuma itace za a nuna masa, shi da ya girma a ƙasar Asante, inda daji ke hana rana taɓa ƙasa?

Zalia ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Baba, mu yi haka. In ka zagaye hanyar nan da ƙafarka, har abada ba zan ƙara ce maka likita ba, ba zan ƙara ce maka Jamaica ba. In ka kasa, ni zan zaɓi likitan, kuma ɗakin yana nan."

"Hanyar yara?"

"Hanyar yara."

Alhaji ya yi dariya har haƙorinsa na Makka ya fito, ya ce Hajiya ta zama shaida. Hajiya ta ce ita dai a bar ta ta tafi da kularta, domin ba ta san abin da mutanen daji ke ci ba.

Ranar tafiya, tun a JFK aka fara wasan. Ashe Zalia, don tsokana ko don tausayi, ta nema wa mahaifinta keke a wurin kamfanin jirgi. Suna tsaye a layi, Alhaji cikin sabuwar shadda ruwan toka da takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, sai ga Braimah ya turo keke yana kiran sunansa da ƙarfi kamar bai san shi ba. Abokan aiki suka taru suna ƙunshe dariya. Alhaji ya kama Hajiya ya zaunar da ita a keken, ya ɗora mata kula a cinya, ya ture Braimah gefe, ya kama hannun keke. Waɗanda suka gani sun ce babbar rigarsa tashi take kamar tuta. Hajiya tana ta salati tana cewa ya rage gudu mayafinta zai tafi. Zalia ta iso bakin jirgi tana haki, ta tarar da shi zaune yana jan carbi. A ranar har ita ta fara shakkar kanta.

Daga filin jirgin Kalifoniya suka ɗauki mota, Zailani na tuƙi, aka yi ta hawan dutse. Hanya ce mai lanƙwasa kamar hanjin akuya. Hajiya ta yi wasiyya sau biyu, jikarsu Hafsa, wadda ba ta daɗe da barin nono ba, ta mayar da duk abin da ta ci a kan mayafin kakarta. Da suka isa, wata ma'aikaciyar dajin mai faffaɗar hula ta ce kada a bar abinci a mota, akwai wata dabba, beya, ƙatuwa mai gashi, tana jin ƙamshi ta fasa gilashi. Hajiya ta ce wake da shinkafarta da soyayyen kifi da shito, yajin nan na Gana, ba ta dafa su don wata dabba ba, a ɗauko kula a tafi da ita. Zailani ya saɓa kula a kafaɗa, ya ɗora Hafsa a keken jarirai.

Itatuwan kuwa, Alhaji ya so ya raina su bai samu hanya ba. Na farkon da suka tarar, ya ɗaga kai zai ga ƙarshensa, hula ta faɗi a baya, bai ga ƙarshen ba. Sai ido ya huta a tsakiya kafin ya ci gaba. Jikinsu ja ne kamar jar ƙasa, gindin guda ɗaya ya fi falonsu da ɗakin kwanansu a haɗe, har da kicin. Wani wuta ta taɓa cin cikinsa ta bar rami baƙi wanda za a yi jam'i a ciki liman ya samu wurin juyawa, amma itacen yana nan da ganyensa. Zalia ta karanta musu allo, ta ce waɗansu sun haura shekara dubu biyu. Abin da ya fi ba Alhaji haushi shi ne 'ya'yan, duk wannan girman ɗan itacen bai wuce ƙwan kaza ba. Hajiya ta tsaya ta auna guda da ido, ta ce wannan in aka faskara shi za a yi wa duk Kumasi girkin biki har tashin duniya. Wurin shiru, sanyi kaɗan, iska kuma ba ta cika ƙirji, sai ka ja sau biyu ka samu ta sau ɗaya.

Aka kama hanya. Gaskiyar Zalia, hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ga shinge na katako, ga benci nan da can. Turawa na wucewa da gajeren wando suna kallon shaddar Alhaji suna murmushi. Ba a yi nisa ba, ko motar ba ta ɓace musu ba, sai gwiwar dama ta yi magana. Ba irin ta matakala ba, wannan kamar an cusa garwashi ƙarƙashin ƙashin. Alhaji ya ce sabon takalmi ne. Ya ƙara gaba kaɗan ya ce iskar dutse ce. Hannayensa kuma suka rasa inda za su sa kansu, ya sa su a aljihu, ya fitar, ya goya su a baya, duk ba daɗi.

Sai ya matsa kusa da keken Hafsa kamar mai yi wa jika wasa, ya ɗora hannu a kai. Nan take garwashin ya lafa. Baya ya miƙe, ƙafa ta tuna aikinta. Bai yi taku kaɗan ba sai ga Zailani da gudu, kula na dukan bayansa, ya rusuna.

"Haba Baba, ina raye? Kawo."

Ya karɓe keken. Alhaji ya bi keken da kallo kamar an ƙwace masa kwanon abinci. Me zai ce? Suruki ya yi abin da ya kamata suruki ya yi. Can gaba ya karɓi jakar Hajiya mai taya, wadda ta cika da zannuwan salla da buta, ya ce bari ya rage mata. Zailani ya hango, ya zo ya karɓe. Ya tsinci wani busasshen reshe a gefen hanya zai dogara, yaron nan ya zo da ladabi ya karɓa ya riƙe masa shi a hammata, wai kada ya ɓata shadda. A ƙarshe Zailani yana tafe da kula da jaka da reshe da keke kamar mai ƙaura, Alhaji yana tafe hannu sake, zufa na bin gemunsa. Duk baturen da ya wuce sai ya yaba wa wannan saurayi mai kula da tsoho.

Wajen tsakiyar hanya Hafsa ta ƙi zama, ta sauka ta ruga gaba tana surutu da Turanci. Zalia ta bi ta, Hajiya ta bi su tana kiran kada a taɓa komai. Alhaji ya ga benci a gaban wani ƙaton itace, ya ce su je, shi zai zauna ya kalli ikon Allah. Ya zauna. Zailani ya tsaya can baya, nesa kaɗan, kansa a ƙasa, kamar mai gadin banki.

A bencin nan ne lissafin ya fito wa Alhaji, kuma bai ji daɗinsa ba. Ya yi ta neman ranar ƙarshe da ya yi doguwar tafiya babu abin da yake turawa, ya rasa. A wurin aiki keke. A kanti keken sayayya, ko burodi kaɗai zai saya. A jirgin ƙasa ƙarfe, a bene bango. Duk shekarun nan yana cewa shi ke ɗauke da tsofaffin mutane, ashe shi ma a jikinsu yake rataye. Ga sauran hanya a gabansa, rabi cif, ga Zalia a can ƙarshe tana jira, ga ɗakin ƙasa a Jamaica.

Wata tsohuwa baturiya, wadda ta isa ta haifi Hajiya, ta wuce da sanduna biyu ta ce masa rana ta yi kyau. Wani jariri da kunzugu ya wuce da gudu. Alhaji ya ce bismillahi ya yunƙura, gwiwa ta ce ba da ita ba, ya koma. Ya sake, ya sake komawa. Zailani ya matso ya miƙo hannu yana kallon ƙasa.

"Bari," in ji Alhaji. "Ban gama kallo ba."

Zailani ya koma wurinsa. Amma yaron ba wawa ba ne. A kantin maganinsu kullum yana ganin tsofaffin da ke shigowa su ɗauki keken sayayya su yi ta zagaye, su fita da man goge baki ɗaya. Ya tsaya ya kalli keken Hafsa, ya kalli jaka, ya kalli reshen da ke hammatarsa, kunya ta kama shi har kunne. Sai ya sauke kula ya zaunar da ita a kujerar yarinyar, ya ɗaure ta da bel kamar 'ya, ya ɗora jaka a kai don ƙarin nauyi. Ya turo keken har gaban benci, ya taka birki, ya durƙusa.

"Baba, a yi mini afuwa. Kafaɗata ce ta riƙe tun a mota. Ko za a taimaka mini da wannan zuwa gaba kaɗan?"

Alhaji ya dubi ƙeyar yaron nan, domin ita kaɗai ake gani. Ya san ƙarya ce, yaron ya san ya sani. Sannan ya ce yaran zamani ba su da ƙashi, ya kama hannun keke, ya miƙe.

Sauran hanyar ba a ba da labarinta, domin wanda ya ƙifta ido bai gani ba. Ya wuce jariri mai kunzugu, ya wuce tsohuwa mai sanduna har iskar rigarsa ta kaɗa mata hula. Ya wuce Hajiya, ya wuce Zalia, kula na zaune a gaba kamar sarauniya. Zailani na biye yana riƙe da kafaɗar da ba abin da ya same ta, wani lokacin ma ya manta ya riƙe ɗayar. Da Zalia ta iso ƙarshen hanya ta tarar da mahaifinta tsaye. Ta dube shi, ta dubi mijinta, mijin ya dubi takalminsa. Ta ce shi ke nan, Baba ya ci, ta janye maganarta. Hajiya ta buɗe kula. Alhaji ya ɗauki kwanonsa ya juya wa kowa baya, ya ci kaɗan ya rufe. Wanda ya ci gasa ba haka yake cin abinci ba.

Da suka dawo, Hajiya ce ta yi ta ba da labari a kan matakala, itacen yana ƙara tsawo a kowane hawa, har ya kai ga jirgin sama yana kauce masa. Alhaji kuwa in an tambaye shi a masallaci sai ya ce itace ne dai, manya. Ya koma aiki. Zalia ta cika alkawari, ko kalmar likita ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba, Zailani kuma bai gaya wa kowa komai ba, har matarsa.

Sai dai abin da mutum ya gano a kansa ba ya komawa. Alhaji ya fara kama kansa. Zai shiga banɗaki, sai ya ga ya turo keke babu kowa a ciki har bakin ƙofa. Zai yi salla, keke na gefensa don tashi daga sujada. Lokacin cin abinci ƙafarsa ɗaya na maƙale da taya kada wani ya ɗauka. Da can duk yana yin haka bai sani ba, yana cikin jin daɗinsa. Yanzu yana yi yana kallon kansa, gajiyar ta zama biyu.

Ranar da abin ya ƙare, ya tura wani tsoho har can ƙofar jirgi ta ƙarshe, wadda ma'aikata ke cewa in ka ƙara gaba kaɗan ka isa Ankara ta Gana da ƙafa. Ya sauke shi lafiya. Yana juyowa sai wata mata mai ciki ta yanke jiki a layi, aka yi ca, wani ma'aikaci ya fizge keken daga hannun Alhaji, aka ɗora ta aka yi gaba da gudu. Ba wanda ya yi laifi. Alhaji ya tsaya da hannayensa a buɗe, ga doguwar hanya a gabansa tana ƙyalli, babu bango kusa, mutane na gudu da jakunkuna. Ya gwada. Ya kai layin kujeru na farko ya zauna a cikin fasinjoji, da yunifom ɗinsa, kamar mai jiran jirgi. Rediyon da ke ƙugunsa na ta kiran sunansa ya je ya ɗauki wata tsohuwa a wata ƙofar. Ya rage murya.

Jirgi ya tashi, wani ya sauka, kujerun suka cika suka watse, yana nan. Daga baya ya ciro waya. Bai kira Zalia ba. Lambar da ya kira tunda aka sa masa ita a wayar bai taɓa taɓa ta ba.

Zailani ya ɗauka da sallama da gaisuwa, daga muryarsa ka san ya durƙusa a bayan teburin kantin. Alhaji ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi yarinya, ya tambayi kafaɗa.

"Ɗakin nan na ƙasa," in ji Alhaji. "Yana da ƙofarsa daban, ko sai an bi ta falo?"

"Akwai ƙofa ta baya, Baba. Da banɗakinsa a ciki."

"To. Ka zo filin jirgi. Kada ka gaya mata tukuna, ni zan faɗa."

Matsalar ita ce Zailani ba shi da ikon wuce masu bincike, sai dai ya jira a waje. Braimah ne ya zo wucewa da keke babu kowa, ya ga abokinsa, ya gane. Alhaji ya ce ya ba shi keken ya tura. Braimah ya ba shi. Ya miƙe, ya kama, amma gwiwar ta kumbura ta sandare saboda zama, ranar ko turin bai karɓu ba. Abin da ya faru bayan nan, Braimah ya rantse wa Alhaji ba zai gaya wa kowa ba, shi ya sa kafin Juma'a duk masallaci an sani. An ce Alhaji ya zauna a keken Braimah na turawa, ya ja hula ya rufe fuska, ya naɗe hannu, har suka fita bai yi motsi ba, in ban da sau ɗaya da ya ce wa Braimah ba nan ake bi ba, lif ɗin hagu ya fi sauri.

Yanzu suna Jamaica. Alhaji ya ce na ɗan lokaci ne, kafin a yi aikin gwiwa ya warke, amma Hajiya ta riga ta raba wa matan bene manyan tukwanenta, an kuma ga motar kaya ta zo ta ɗauki gado. Likitan da Zalia ta zaɓa yaro ne, in ji Alhaji, ko takalmin aikin Alhajin ya girme shi. Waɗanda suka je dubiya sun ce ya yi ƙiba kaɗan, yana barci da rana kamar ana biyansa, in ya farka ya yi ta faɗa a kan ruwan shayi. Duk sati yana kiran Braimah ya ce a gaya wa oga a riƙe masa wurinsa, bayan Babbar Sallah yana dawowa. Braimah ya ce to, in sha Allahu. Bai gaya wa oga komai ba, domin tun watan jiya aka ba wani saurayi ɗan Haiti wurin, kuma yaron yana da sauri.